Amanar Ilmi: Ɗalibin Jami'a Da Na'urar Da Ke Yi Masa Rubutu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ilmi da ma'abutansa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala da ta kunno kai a jami'o'in duniya baki ɗaya, ta kuma shiga ɗakunan kwanan ɗalibai a Zariya da Kano da Sakkwato kamar yadda ta shiga na Landan da Alƙahira. A ranar 30 ga Nuwamba 2022 wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna OpenAI ya fito da ChatGPT, watau wata manhaja da mutum zai rubuta wa tambaya ta mayar masa da amsa cikin tsararren zance, kamar dai wani masani ne zaune a bayan allo. Ba a daɗe ba wasu kamfanoni suka fito da nasu, irin su Gemini da Claude da Copilot, har ta kai ga wanda ke da WhatsApp a wayarsa yana iya samun irin wannan hidima. Wannan fasaha ita ce ake kira ƙirƙirarriyar basira. Ɗalibin da aka ba aikin shafi goma yana iya samun shafi goman nan kafin shayinsa ya huce. Tambayar da iyaye da malamai da ɗalibai masu tsoron Allah suke yi ita ce, mene ne ya halatta a cikin wannan, mene ne kuma ya haramta?

Yadda Na'urar Take Aiki

Malaman usulu sun tabbatar da cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. Saboda haka ya kamata a fara da sanin abin da na'urar take yi. Masu ƙera ta sun tara rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa daga littattafai da jaridu da shafukan intanet, suka horar da ita a kansu har ta gane wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace. Idan aka yi mata tambaya, sai ta riƙa jero kalma bayan kalma bisa wannan ƙiyasi har zance ya kammala. Sau da yawa abin da ta faɗa daidai ne, domin kuwa rubutun da ta koya daga gare shi yana ɗauke da ilmi mai yawa. Amma a wasu lokuta takan haɗa zance mai daɗin ji wanda ba shi da asali, ta kawo sunan littafin da ba a taɓa wallafawa ba, ta jingina shi ga marubucin da bai san da shi ba, har da lambar shafi. Kuma muryar da take faɗin gaskiya da ita, da ita take faɗin kuskure, babu inda-inda babu jin kunya.

Abin da ya faru a wata kotun tarayya ta birnin Niyok a 2023 ya isa misali. Wasu lauyoyi da ke ƙarar kamfanin jiragen sama na Avianca a madadin wani fasinja sun miƙa wa kotu takarda mai ɗauke da hukunce-hukunce shida na shari'o'in baya a matsayin hujja. Da aka bincika sai aka tarar babu ko ɗaya da ya taɓa faruwa, ChatGPT ce ta ƙaga su. A watan Yuni na shekarar alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Waɗannan fa ƙwararrun lauyoyi ne da suka daɗe a bakin aiki. To, ina ga ɗalibin aji ɗaya da bai gama sanin hanyar laburare ba?

Hatsarin ya fi girma ga masu nazarin addini. Na'urar tana iya kawo zance da Larabci mai kyau ta ce hadisi ne, ta ce Buhari ne ya fitar da shi, alhali kuwa babu shi a cikin littafin. Tana iya haɗa farkon wata aya da ƙarshen wata. Ga harshen Hausa kuma kuskurenta ya fi yawa bisa ga na Turanci, saboda rubutun Hausa da ta koya daga gare shi kaɗan ne.

Matakan Da Jami'o'i Suka Ɗauka

Da farko wasu makarantu sun gwada hanawa. A watan Janairu 2023 hukumar makarantun gwamnati ta birnin Niyok ta toshe ChatGPT a kwamfutocinta, amma a watan Mayu ta janye. A wannan Janairun ne kuma jami'ar Sciences Po ta birnin Faris ta hana ɗalibanta amfani da ita a rubuce-rubucensu ba tare da sun bayyana ba. A watan Yuli 2023 manyan jami'o'in Birtaniya 24 da ke cikin ƙungiyar Russell Group suka amince da wasu ƙa'idoji, waɗanda gundarinsu shi ne a koya wa ɗalibai da malamai sanin wannan fasaha da iyakarta, a gyara tsarin koyarwa da na jarrabawa, a kuma kiyaye gaskiya a harkar ilmi. A watan Satumba hukumar UNESCO ta fitar da nata jagoran ga ƙasashe. Manyan mujallun kimiyya biyu, Nature da Science, tun farkon 2023 suka ce ba za a sa sunan na'ura cikin jerin marubutan maƙala ba, domin marubuci shi ne wanda za a tuhuma idan aka sami kuskure, ita kuwa na'ura ba ta ɗaukar alhaki.

Duk wanda ya dubi waɗannan matakai zai ga sun taru a kan abu uku: mutum ya bayyana inda ya samo zance, ya tabbatar da ingancinsa, ya kuma ɗauki alhakin abin da ya sa wa sunansa. Waɗannan abubuwa uku kuwa malaman Musulunci sun gina fanni guda a kansu fiye da shekara dubu da suka wuce.

Darasin Isnadi

Isnadi shi ne jerin mutanen da zance ya biyo ta hannunsu har ya iso. Magabata ba su karɓar hadisi sai an ambaci wannan jeri, sa'an nan su bi kowane mai ruwaya su binciki gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa da kuma ko ya sadu da wanda ya ce ya ji daga gare shi. Abdullahi ɗan Mubarak ya ɗauki isnadi wani yanki ne na addini, saboda in babu shi kowa sai ya faɗi abin da ya ga dama. An ruwaito cewa Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unaisu saboda hadisi ɗaya tak. Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya tace littafinsa ne daga ruwayoyi kimanin 600,000.

A cikin wannan fanni akwai wani aibu da ake kira tadlisi. Asalin kalmar a Larabci yana komawa ga duhu da cakuɗewarsa, kuma a harshen 'yan kasuwa tana nufin ɓoye aibin haja ga mai saye. A wurin malaman hadisi kuwa, tadlisi shi ne mutum ya ruwaito daga malamin da ya sadu da shi abin da bai ji daga bakinsa ba, da lafazin da zai sa a zaci ya ji, ya ɓoye wanda ke tsakaninsu. Abin lura a nan shi ne, mai yin tadlisi sau da yawa bai furta ƙarya ƙarara ba, kuma hadisin da ya kawo yana iya zama ingantacce. Laifinsa shi ne ya bar mai sauraro cikin zaton da ba haka ba ne. Duk da haka Shu'uba ɗan Hajjaju ya ɗauki tadlisi ɗan'uwan ƙarya, kuma malamai ba su karɓar ruwayar wanda ya shahara da shi sai ya bayyana ƙarara cewa ya ji da kunnensa.

Ɗalibin da ya sa na'ura ta rubuta masa aiki, ya cire alamarta, ya rubuta sunansa da lambarsa a sama ya miƙa, ya yi abin da ya fi tadlisi muni. Ya ɓoye wanda ya samo zancen daga gare shi, wanda kuma ya ɓoye ɗin mai ruwaya ne da aka san yana ƙaga labari, sa'an nan ya yi da'awar cewa zancen nasa ne.

Malaman da suka yi tasiri a ƙasar Hausa sun kula da wannan ƙwarai. Imamu Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505 kuma ya yi wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya wallafa wata risala musamman a kan bambancin mawallafi da ɓarawo, bayan ya ga an kwashe aikinsa ba a ambace shi ba. Yana kuma ganin cewa jingina zance ga mai shi yana daga cikin albarkar ilmi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta isnadojinsa a littafi, ƙanensa Abdullahin Gwandu kuma ya rubuta Ida'un Nusukhi inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta. Har yau a makarantun zaure almajiri yakan faɗi wurin wanda ya sauke Risala ko Muhtasar, kuma da wannan ake auna shi.

Abin Da Ya Halatta

Asalin kayan aiki a shari'a halas ne, sai in an yi amfani da su ta hanyar da aka hana. Na'urar nan tana cikin sahun ƙamus da injin lissafi da laburare, kuma mai neman ilmi yana iya samun alheri mai yawa a cikinta. Ɗalibin Larabci da hali da tamyizi suka rikice masa, babu laifi ya nemi ta bayyana masa bambancinsu da misalai, sa'an nan ya koma ga littafin nahawu ya gwada abin da ta ce. Ɗalibin da ke shirin jarrabawa yana iya sa ta yi masa tambayoyi ya amsa. Wanda ya karanta babi mai wuya yana iya neman ta warware masa kalmomin da suka shige masa duhu. Wanda ya rubuta maƙala da kansa yana iya neman ta nuna masa inda hujjarsa ta yi rauni, in dai dokar darasin ta yarda. A duk waɗannan, ilmin yana ƙarewa ne a ƙirjin ɗalibi, wanda shi ne maƙasudin zuwa jami'a.

Sai dai wannan halacci yana da sharuɗɗa huɗu. Na ɗaya, bin dokar jami'a da ta malamin darasi, domin ɗalibi ya sa hannu a kan dokokin makaranta ranar da aka rantsar da shi, kuma Musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka. Abin da wani malami ya yarda da shi wani yana iya hanawa, saboda haka wanda bai sani ba sai ya tambaya kafin ya fara. Na biyu, bayyanawa: ya rubuta a cikin aikin wace na'ura ya yi amfani da ita, kuma a wane ɓangare. Na uku, tabbatarwa: kada ya sa aya ko hadisi ko sunan littafi ko adadi sai ya gan shi da idonsa a asalinsa. Suratul Hujurati ta yi umurni da bincika labari kafin a yi aiki da shi, Suratul Isra'i kuma ta hana mutum bin abin da ba shi da saninsa. Na huɗu, tsare sirrin mutane: ɗalibin likitanci ko mai bincike a cikin jama'a kada ya zuba sunayen marasa lafiya ko na waɗanda ya yi hira da su a cikin na'ura, domin amana aka ba shi.

Abin Da Ya Haramta

Haram ne ɗalibi ya miƙa abin da na'ura ta rubuta a matsayin nasa, ko duka ko wani yanki, ko da ya sauya kalmomi don ɓad da sawu. Haram ne ya kafa hujja da littafin da bai gani ba, ko ya ƙaga sakamakon binciken da bai fita ya yi ba. Haram ne ya shiga da ita ɗakin jarrabawa a ɓoye. Wannan na ƙarshe satar amsa ce tsagwaronta, kuma a Nijeriya dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi hukunci a kan satar amsa.

Hujjojin wannan a bayyane suke. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya tura hannunsa cikin tarin sai ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, kuma ya barranta daga mai algus. A dubi wannan da kyau: ba a zargi mutumin don abincinsa ya jiƙe ba, an zarge shi ne don ya ɓoye. Haka nan Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya kamanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafin ƙarya biyu. A Suratu Ali Imrana, aya ta 188, akwai gargaɗi mai tsanani ga masu son a yabe su a kan abin da ba su aikata ba. Maki yabo ne, digiri kuma yabo ne.

Idan wani ya ce ai kowa yana yi, sai a ce masa yawan masu laifi ba ya mayar da laifi halas, kuma kowa shi kaɗai zai tsaya ranar hisabi. Idan ya ce Turancinsa ne ba shi da ƙarfi, sai a ce masa aikin da aka ba shi ai shi ne maganin wannan rauni, wanda ya ba wani ya sha masa magani kuwa ba zai warke ba. Idan ya ce lokaci ya ƙure masa, sai a ce ya je ya nemi alfarmar ƙarin lokaci, ko ya miƙa ɗan abin da ya iya. Imamu Malik, da duk girmansa a Madina, an ruwaito cewa an yi masa tambayoyi 48 ya ce bai sani ba a kan 32 daga cikinsu, kuma wannan bai rage masa daraja ba. Idan kuwa ya ce babu wanda zai gane, to, wannan ya manta da Wanda ba Ya barci.

Akwai wata ma'auni mai sauƙi da ɗalibi zai gwada kansa da ita kafin ya miƙa aiki. Ya tambayi zuciyarsa abu biyu: shin zai iya zama gaban malaminsa ya bayyana kowane sakin layi ba tare da duba waya ba? Shin zai ji daɗi malamin ya ga duk abin da ya gudana tsakaninsa da na'urar? In amsar ɗaya daga ciki a'a ce, akwai gyara.

Haƙƙin Da Ke Kan Malamai

Amanar nan ba a kan ɗalibi kaɗai take ba. Wajibi ne malami ya faɗa wa ɗalibansa tun ranar farko abin da ya yarda da shi da abin da ya hana, a rubuce. Wajibi ne kuma ya karanta abin da aka miƙa masa, domin ɗalibin da ya san ba a karanta aikinsa an buɗe masa ƙofar ha'inci.

Sa'an nan malami ya ji tsoron Allah wajen tuhuma. Akwai manhajojin da ake cewa suna gane rubutun na'ura, amma ba su kai matsayin hujja ba. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye tasa a watan Yuli 2023 saboda yawan kuskurenta. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta kashe irin wannan manhaja ta Turnitin a watan Agusta na shekarar. Wasu masana a jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan manhajoji bakwai a kan rubutun ɗaliban da Turanci ba harshen uwa ba ne gare su, suka tarar a matsakaici an ɗauki fiye da rabin rubutun a matsayin na na'ura, alhali mutane ne suka rubuta. Wannan ya shafi ɗaliban Afirka kai tsaye, domin mafi yawansu a makaranta suka koyi harshen da suke rubutu da shi. Ƙa'idar shari'a kuwa ita ce hujja tana kan mai da'awa, kuma an hana yawan zato. Hanyar adalci ita ce a kira ɗalibi a zaunar da shi, a tambaye shi a kan abin da ya rubuta, a nemi ya nuna daftarinsa na farko da littattafan da ya duba. Wannan ita ce hanyar malaman zaure tun da can: almajiri ya ja baƙi, ya fassara, malam yana saurare. Wanda ya sani ba ya ɓoyuwa a irin wannan zama, haka nan wanda bai sani ba.

Abin Da Ke Bayan Takarda

A wurin bikin yaye ɗalibai a jami'o'in Nijeriya, akan shelanta cewa an same su sun cancanta ta wajen hali da ta wajen ilmi. Wannan shaida ce da shehunan malamai suke bayarwa a gaban jama'a, daidai da ijazar da malami yake ba almajirinsa. Wanda ya karɓe ta da aikin da ba nasa ba ya sa malamansa sun yi shaidar zur ba da saninsu ba, ya kuma tauye haƙƙin abokin karatunsa da ya kwana yana wahala. Da wannan takarda zai nemi aiki, da ita zai ci albashi ya ciyar da iyalinsa. Wata rana za a kawo masa mara lafiya da tsakar dare, ko a ba shi ginin gada, ko a tsayar da shi gaban yara sittin ya karantar da su, ko a tambaye shi rabon gadon marayu. A ranar ne za a gane cewa zanen aro ba ya rufe katara, kuma waɗanda za su ɗanɗana kuɗar abin mutane ne da ba su ji ba, ba su gani ba.

Wanda ya riga ya faɗa cikin wannan, ƙofar tuba a buɗe take. Ya daina, ya yi nadama, ya koma ya koyi abin da ya tsallake har ya iya shi da gaske, in kuma aikin yana hannun malami ba a gama hukunci a kansa ba, ya nemi a ba shi dama ya sake. Iyaye su ma su riƙa tambayar 'ya'yansu abin da suka koya, kada su tsaya ga tambayar maki kawai.

Allah Ya ba ɗalibai ilmi mai amfani, Ya ba malamai ikon yin adalci, Ya tsare al'umma daga ha'inci na fili da na ɓoye. Allah ne Mafi sani.